Gwajin maikuro-are a dakunan gwaji na Abuja: ya ci kuɗinsa, amma ba ga kowane yaro ba

A 'yan shekarun nan wasu dakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu a Abuja sun fara karɓar jinin yara don gwajin ƙwayoyin gado da ake kira maikuro-are. Galibi ba a nan ake yin gwajin ba. Aikin na nan shi ne ɗibar jini, cike takarda, da tura samfurin ta jirgi zuwa Afirka ta Kudu ko Indiya ko Turai, sannan sakamako ya dawo ta imel bayan mako 2 zuwa 4. Farashin yana bin dala, don haka wanda aka faɗa maka a watan jiya ba lallai ya zama na yau ba. Hukuncinmu a taƙaice shi ne gwajin kansa nagari ne ƙwarai, hidimar da ke kewaye da shi ce ke da rauni, kuma raunin ya fi yawa a daidai wurin da iyaye suka fi buƙatar taimako, wato bayan takarda ta fito.

Abin da na'urar ke yi abu ɗaya ne. Kowane mutum yana da kuromosom 46, wato ƙunsoshin DNA mai ɗauke da bayanan gado, rabi daga uwa rabi daga uba, saboda haka kusan kowane yanki na DNA kwafi biyu ne. Maikuro-are yana bin kuromosom ɗin duka yana duba inda kwafi ya ragu ya koma ɗaya, wato giɓi, ko inda ya ƙaru ya zama uku. Kamar mai ƙirga shafukan littafi yake: zai gaya maka an yage shafi ko an maimaita shi, amma ba ya karanta rubutun balle ya ga harafin da aka kuskure. Cikin faifan da dakunan gwaji na waje ke amfani da su akwai CytoScan 750K na kamfanin Thermo Fisher, mai alamomi kusan 750,000, da CytoSNP-850K na Illumina. Tsohon gwajin kariyotayif, wanda ake leƙa kuromosom da madubin likita, ba ya ganin giɓin da bai kai haruffan DNA miliyan 5 zuwa 10 ba. Shi ya sa tun 2010 masana suka yi ittifaƙin a fara da maikuro-are ga yaron da ke da jinkirin girma ko na fahimta, ko otizim, ko nakasar haihuwa fiye da ɗaya da ba a san sababinta ba. A irin waɗannan yara yakan gano dalili a kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kariyotayif kuwa kusan kashi 3 idan aka cire sanannun larurori irin na Down.

Wurin da gwajin ya fi nuna amfaninsa shi ne dogon hannun kuromosom na 22, yankin da ake rubutawa 22q11.2. Giɓi a nan shi ne mafi yawan faruwa cikin ire-irensa, kusan haihuwa 1 cikin 4,000. Likitan yara Angelo DiGeorge ya bayyana larurar a Filadelfiya ta Amurka a 1965, tun kafin a san tushenta. Jariri kan zo da matsalar zuciya, sau da yawa irin wadda ke sa leɓe ya yi shuɗi, da tsagewar ganɗa ko nono ya riƙa fitowa ta hanci, da ƙarancin kalsiyam mai kawo jijjiga a makon farko, da raunin garkuwar jiki saboda ƙanƙantar taimos, wani ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji. Littattafan likitanci sun cika maganar kamannin fuska, to amma bincike ya nuna kamannin ba su fitowa sosai a yaran Afirka. Likitan da ke jiran fuska ta gaya masa zai daɗe yana jira.

Wannan giɓin ne kuma ɗaya daga cikin mafi ƙarfin abubuwan da aka sani suna jawo sikizofiriniya, ciwon ƙwaƙwalwar da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da yarda da abin da bai faru ba. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa. A cikin masu giɓin 22q11.2, kusan 1 cikin 4, yawanci daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon shekaru ashirin. A lura dai, 3 cikin 4 ba za su kamu ba.

A nan ne maganar ciwon dajin yara ke shigowa, kuma a nan ne muke roƙon iyaye da likitoci su nutsu. Yankin yana da wasu wurare takwas da DNA ke maimaita kansa, an yi musu laƙabi da A zuwa H, kuma a bakinsu ne kuromosom ke karyewa lokacin da ake haɗa ƙwan mace ko maniyyi. Kusan kashi 85 cikin ɗari na masu larurar sun rasa abin da ke tsakanin A da D, haruffa kusan miliyan 3. A ciki akwai ƙwayoyin gado irin su TBX1, wadda rashinta ke bayan yawancin matsalar zuciya, da COMT mai narkar da sinadarin dofamin, da DGCR8. Amma idan giɓin ya faɗa can gaba, tsakanin F da G, zai tafi da wata ƙwayar gado mai suna SMARCB1. Wannan aikinta hana ƙarin ciwon daji fitowa ne. A 1998 masu bincike a Cibiyar Curie ta birnin Faris suka gano cewa rashinta ne ke haddasa ƙarin rabdoyid, wani mugun ciwon daji na ƙwaƙwalwa da ƙoda da ke kama yara mafi yawa 'yan ƙasa da shekara 3. Yaron da aka haifa da kwafi ɗaya, idan ɗayan da ya rage ya lalace a wata ƙwayar jikinsa, babu sauran kariya. Irinsa ake ba shawarar a riƙa yi masa hoton MRI na ƙwaƙwalwa da sikanin ciki duk wata 3 har ya kai shekara 5.

Ke nan yara biyu za su iya riƙe takarda mai ɗauke da "22q11.2" amma makomar kulawarsu ta sha bamban. Ɗaya likitan zuciya da na ƙwaƙwalwa yake buƙata na tsawon shekaru, ɗayan likitan ciwon daji yake buƙata a wannan watan. Abin da ke raba su shi ne inda giɓin ya fara da inda ya tsaya, kuma wannan ne ainihin abin da mutum yake biya idan ya sayi maikuro-are.

Ba maƙwabtaka a kan kuromosom kaɗai ta haɗa sikizofiriniya da ciwon dajin yara ba. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ƙarin da ke fitowa a jikin ƙaramin yaro duk sun dogara da tambaya ɗaya: yaushe ƙwayar jiki za ta daina rarrabuwa ta zama abin da aka nufe ta da shi? Injinan da ke yanke wannan hukunci ba su da yawa, sai ga sunayensu suna fitowa a ɓangarorin biyu. DGCR8 tana aiki tare da DROSHA wajen yanka ƙananan RNA masu rage ƙarfin wasu ƙwayoyin gado. Rashin kwafinta ɗaya na cikin abubuwan da ake zargi da taɓa ƙwaƙwalwa a giɓin 22q11.2, kuma an samu sauyi a DGCR8 da DROSHA ɗin a cikin ƙarin Wilms, ciwon dajin ƙoda na yara. SETD1A, wadda aka danganta lalacewarta da sikizofiriniya a 2016, tana cikin ƙwayoyin gado 10 da babban binciken SCHEMA ya tabbatar a 2022 bayan duba marasa lafiya 24,248. Aikinta manna alama a jikin furotin ɗin da DNA ke naɗe a kai don a buɗe wurin a karanta. 'Yar gidansu ɗaya, KMT2A, ita ce ke karyewa ta haɗe da wata ƙwayar gado a mafi yawan jariran da ke kamuwa da sankarar jini kafin su cika shekara. SMARCB1 ma ɓangare ce ta injin da ke ture wannan naɗin. Sai kuromosom na 16, yankin 16p11.2, mai haruffa kusan 600,000: ƙarin kwafi a wurin yana ɗaga haɗarin sikizofiriniya, giɓi kuma yana tafiya da otizim da ƙiba da girman kai, sannan a 2019 aka danganta shi da niyurobilastoma, ƙarin da kan fito a saman ƙoda, duk da cewa mafi yawan masu giɓin ba za su taɓa kamuwa da shi ba.

Mun tsaya a kan wannan ne saboda mun ga yadda ake karkatar da shi a talla. Hanya ɗaya ba ta nufin cuta ɗaya. Sauyin DGCR8 na ƙarin Wilms yawanci a cikin ƙarin kaɗai yake, ba a sauran jiki ba, kuma ba irin giɓin da ake haihuwar yaro da shi ba ne. Haɗewar KMT2A ba gadonta ake yi ba. Don kawun yaro yana fama da taɓin hankali, wannan bai sa yaron cikin layin ciwon daji ba. Ita kanta sikizofiriniya a wurin mafi yawan mutane ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo ta ba. Wani bincike na 2022 ya lissafa wurare 287 a DNA, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙani. Duk wanda ya ce maka da digon jini zai faɗa maka ko ɗanka zai yi taɓin hankali, riƙe kuɗinka.

Yanzu ga abin da ake tayawa a kantar ɗakin gwaji. Idan likita ya rubuta ana zargin larurar DiGeorge, wato giɓin 22q11.2, sau da yawa za a nuna wa uba zaɓi mai rahusa, gwajin FISH. Yana da sauri, amma sandar bincikensa, TUPLE1 ko N25, tana manne ne tsakanin A da B kawai. Giɓin da ya fara daga B ko C, ko wanda ke can wajen SMARCB1, zai wuce ta gabansa a rubuto "babu matsala". Ko ya gano giɓi ma ba zai faɗi girmansa ba. Wani gwajin mai suna MLPA ya fi shi; kunshin P250 na kamfanin MRC Holland yana duba wurare da dama a tsawon yankin, kuma farashinsa bai kai na maikuro-are ba, sai dai idonsa a kan 'yan wurare yake. Shawararmu: ga yaron, a yi maikuro-are sau ɗaya a huta. Ga iyaye, bayan an san giɓin da ake nema, FISH ko MLPA ya wadatar. Gwajin iyayen ba ɓarnar kuɗi ba ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na giɓin 22q11.2 sabo ne, ba daga kowa ya fito ba, amma a sauran ɗaya daga cikin iyaye yana ɗauke da shi ba tare da ya sani ba, kuma a kowane ciki yiwuwar jariri ya gada rabi da rabi ce. Sanin haka yana kuma kashe maganar "daga danginki ne" tun kafin ta yi tsawo.

Ɗibar jinin ne inda kuɗi suka fi salwanta. Maikuro-are yana son jini mililita 2 zuwa 5 a kwalbar EDTA, mai murfi launin shunayya. Ga jariri mililita 1 zuwa 2 kan isa. Kariyotayif da FISH kuwa kwalbar hefarin mai koren murfi suke so, domin ana buƙatar ƙwayoyin jinin da ransu. Idan aka musanya, hefarin yana hana matakin ninka DNA tafiya, EDTA kuma ba ta barin ƙwayoyin su girma yadda ya kamata. Ka tsaya ka ga an juya kwalbar a hankali sau 8 zuwa 10 bayan ɗiba, ba girgizawa ba. Jinin da ya daskare a ciki ba shi da amfani. Ka karanta sunan yaron da ranar haihuwarsa a jikin kwalbar da idonka, ka gwada da na takarda, domin harafi ɗaya ya bambanta ɗakin gwajin waje yana iya ƙin karɓa. A firij ake ajiyewa, maki 2 zuwa 8, ba a firiza ba, kuma kada kwalbar ta jingina da ƙanƙarar cikin kula. DNA ɗin da ake buƙata kaɗan ne, nanogiram 250 a tsarin CytoScan, amma dole ya zama bai gutsuttsure ba, zafin Abuja na watan Maris da Afrilu kuwa ba ya raga wa akwatin da aka bari a bayan mota. Ka je ranar Litinin ko Talata. Jinin ranar Juma'a yakan kwana uku yana jiran jirgi. Tambayi ranar da mai ɗaukar kaya ke zuwa, ka nemi lambar bibiyar saƙon, kuma tun kafin ka biya a rubuta maka wanda zai ɗauki nauyin sake ɗiba idan samfurin ya lalace.

Tambayoyi biyu ne ya kamata ma'aikacin kanta ya yi amma ba kullum ake yinsu ba. Ta farko, an ƙara wa yaron jini kwanan nan? A asibitocinmu ana yawan ƙara jini ɗungurungum da fararen ƙwayoyinsa, kuma daga fararen ƙwayoyin ake ciro DNA, sai na mai bayarwa ya gauraya da na yaro. Dakunan gwaji kan nemi a jira makonni. A tambayi adadin da nasu ya tsayar. Wannan ya shafi masu sikila da waɗanda aka yi wa aikin zuciya. Ta biyu, yaron yana da sankarar jini ko an yi masa dashen ɓargo? Mai sankara jininsa cike yake da ƙwayoyin cutar masu nasu sauye-sauyen, wanda aka yi wa dashe kuma jinin wani ne ke yawo a jikinsa. A irin wannan hali ɗan yankin fata ake ɗauka.

Sakamakon yakan zo da Turanci, shafi 2 ko 3, da wani layi a tsakiya mai kama da haka: arr[GRCh37] 22q11.21(…)x1. Alamar x1 kwafi ɗaya ke nan, giɓi, x3 ƙarin kwafi. Lambobi biyun da za ka gani a cikin baka, inda muka sa ɗige-ɗige, su ne farko da ƙarshen giɓin. A taswirar DNA ɗin ɗan Adam mai suna GRCh37, giɓin A zuwa D yakan fara wajen miliyan 18.9 ya ƙare wajen miliyan 21.5, SMARCB1 kuma tana wajen miliyan 24.1. A sabuwar taswira, GRCh38, lambobin sun ɗan gusa, don haka a duba wacce aka rubuta kafin a kwatanta. Rahoto nagari zai jera ƙwayoyin gadon da abin ya shafa. Idan bai jera ba, uwa tana da damar ta ce, "Likita, don Allah a duba mana, giɓin ya kai SMARCB1?" Amsar minti biyar ce ga wanda ya iya buɗe taswirar a intanet.

Akwai sakamakon da ke rikita gida, wanda ake rubutawa VUS, wato an ga sauyi amma ba a tantance ko yana cutarwa ba. Yaranmu sun fi samun irinsa saboda rumbunan bayanan da ake kwatantawa da su sun fi cika da Turawa, alhali DNA ɗin mutanen Afirka ya fi na kowa bambance-bambance. Ba a yin tiyata ko fara magani a kan VUS. A gwada iyaye, a ajiye takardar, a nemi a sake dubawa bayan shekara 1 ko 2. Sannan faifan da ke da alamomin SNP, wato wuraren da harafi ɗaya kan bambanta tsakanin mutane, yana nuna kusancin iyaye: ɗan auren zumunci na 'ya'yan wa da ƙani zai nuna kusan kashi 6 cikin ɗari na DNA ɗinsa iri ɗaya ne ta ɓangarorin biyu. Ba cuta ba ce, amma ishara ce ga likita ya yi tunanin cututtukan da sai an gado daga uwa da uba, waɗanda wannan gwajin ba ya gani. Gwajin iyaye kuma yana iya tono abin da ba a je nema ba game da nasaba. Duk wannan ya kamata a faɗa kafin a sa hannu a takardar amincewa, tare da inda za a ajiye ragowar DNA da tsawon lokacin. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan gado cikin masu buƙatar tsananin kariya. Ɗakin gwajin da ya miƙo takardar ya nuna wurin sa hannu kawai ya gaza. Ka tambayi rajistarsa da hukumar MLSCN mai kula da dakunan gwajin asibiti a Najeriya, da ko na wajen yana da shaidar inganci ta ISO 15189 ko CAP.

Babban raunin hidimar shi ne ana tura sakamako ta imel ko WhatsApp babu wanda zai zauna da iyaye. Masu ba da shawara kan cututtukan gado ƙalilan ne a ƙasar nan. Saboda haka kada a je gwajin kai tsaye daga gida; a bi ta hannun likitan yara, a Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko inda ake ganin yaron, a kuma sa adireshin likitan a takarda. Idan an tabbatar da giɓin A zuwa D, abin da ke biyo baya sananne ne: hoton zuciya, awon kalsiyam da na sinadarin maƙoshi, sikanin ƙoda, gwajin ji, da ƙirga ƙwayoyin garkuwa kafin rigakafi masu rai irin na ƙyanda da shawara a wata 9. Na'urar ƙirga ƙwayoyin garkuwa na CD4 tana nan a manyan asibitoci albarkacin shirin yaƙi da ƙanjamau, kuma mafi yawan yaran suna karɓar rigakafinsu lafiya bayan an duba. Kalsiyam yakan faɗi lokacin tiyata ko zazzaɓi mai zafi ko balaga, sai a riƙa maimaita awon. Daga shekara 10 zuwa sama a sa ido kan barci, janyewa daga mutane, faɗuwar karatu da yawan tsoro, a kuma yi wa yaro maganar wiwi ƙarara, domin tana ƙara haɗarin. Idan alamu suka bayyana, magungunan sikizofiriniya na yau da kullum suna aiki, sai dai a gaya wa likitan ƙwaƙwalwa batun kalsiyam da zuciya, saboda ƙarancin kalsiyam yana sauƙaƙa farfaɗiya yana kuma taɓa bugun zuciya, wasu magungunan ma haka suke yi.

Wani yaron da gwajin ke yi wa rana shi ne wanda aka haifa babu zoben da ke kewaye da ɗan tsakiyar idonsa. Idan giɓi ne a yankin 11p13 na kuromosom na 11 da ya haɗa da ƙwayar gado WT1, kusan rabin irinsu kan kamu da ƙarin Wilms, kuma sikanin ciki duk wata 3 har wajen shekara 8 yana kama shi tun yana ƙarami.

Waɗanda ba mu ba shawarar su saya ba sun fi yawa. Yaro lafiyayye da iyayensa ke son "a duba komai" zai fi dawowa da VUS da fargaba. Dangin da ciwon daji ke bi, ko yaro mai farin ɗigo a ido da ake zargin sankarar ido, gwajin karanta haruffa suke buƙata, na ƙwayoyin gado irin su TP53 ko RB1 ko DICER1, domin yawancin sauye-sauyensu harafi ɗaya ne ko kaɗan. SETD1A ma haka. Wani bincike na asibitin St. Jude a 2015 ya samu irin wannan gadon a kashi 8.5 cikin ɗari na yara 1,120 masu ciwon daji, ma'ana mafi rinjaye ba gado ba ne. Sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wadda muka fi sani a nan, tana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro da ƙwayar cutar EBV. Kuɗin gwajin gado gara a kai su ga ɗibar tsokar ƙarin da fara magani da wuri. Babba mai sikizofiriniya shi ma ba lallai ba ne, sai idan an taɓa yi masa aikin zuciya yana yaro, ko yana magana ta hanci, ko yana da jinkirin fahimta tun ƙuruciya, ko an sha samun kalsiyam ɗinsa ƙasa. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, likitansa ya rubuta a takardar neman gwajin dalla-dalla, domin masu fassara sakamakon a can ba su ga mara lafiyar ba, abin da aka rubuta musu kaɗai suke aiki da shi.